SHIGA JAMI'A: YAYA ZA A SHIRYA ƊAN MANOMIN AREWACIN KANO?

Daga Wakilinmu

DUK wanda ya bi hanyar Katsina daga Dawanau zuwa Bichi da Tsanyawa, ko kuwa ya miƙi hanyar Ɗambatta, zai lura da abu guda, watau babu sauran daji a wannan yanki. Gona na manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, kuma in ka ga itace a tsaye, ko ɗorawa ce ko kuka ko gawo, to, da mai shi. Tun cikin shekarun 1960 wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya yi nazarin wannan karkara ta kewayen Kano, ya nuna yadda jama'arta ke noma ƙasa ɗaya kowace shekara ba hutu, da taimakon takin dabbobi da sharar birni wadda ake kaiwa a kan jakuna. Daga wancan lokaci zuwa yau mutane sun ninka, gona kuwa ba ta ƙaru da ko taki ɗaya ba. Kowane rabon gado sai ya daɗa tsaga ta. Mutumin da ya gaji gona ɗaya yana da 'ya'ya maza biyar ya san ba dukansu za ta ciyar ba.

Wannan shi ya sa batun shiga jami'a ba batun ado ba ne ga mutanen Makoɗa da Kunchi da Minjibir da Bagwai. Yaron da ya sami gurbin karatun likita ko injiniya ko haɗa magunguna ya rage wa gonar gidansu nauyi, kuma watakila shi zai ɗauki karatun ƙannensa. Wanda ya gama sakandare ya rasa, mafi yawa sai dai a gan shi yana dako a kasuwar Dawanau ko yana tuƙa a-daidaita-sahu a birni, da takardar da ba ta amfane shi da kome ba.

Ya kamata mu fara da sanin irin ƙofar da ake son yaron ya bi. Hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, watau JAMB, an kafa ta a 1978. A 2010 ta haɗe jarrabawar jami'o'i da ta kwalejojin ilmi da na fasaha ta zama guda, wadda ake kira UTME, kuma daga 2015 aka daina yin ta da fensir da takarda, sai da kwamfuta kaɗai. Ɗalibi yana amsa tambayoyi 180 cikin awa 2, Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne, jimillar maki kuwa 400 ne. A sakamakon farko da hukumar ta fitar a 2025, cikin kimanin mutum miliyan 1.9 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su cika 13,000 ba a duk faɗin Nijeriya. A shekarar ne kuma aka sami tangarɗar na'ura wadda ta shafi ɗalibai 379,997 a Ikko da jihohin kudu maso gabas, har shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito bainar jama'a ya nemi gafara, aka sake musu jarrabawa.

A taron da aka yi a 2025 an tsai da maki 150 a matsayin mafi ƙarancin abin da jami'a za ta karɓa. Amma fa kada wannan adadi ya ruɗi kowa, domin ƙasan tsani ne kawai. Kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, kuma a Jami'ar Bayero ta Kano ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, mai neman likitanci ko lauya ko aikin jinya yana gogayya ne da dubban da suka zarce wannan maki nesa ba kusa ba. Guraben likitanci musamman ƙayyadaddu ne, domin majalisar da ke kula da aikin likita ita ke yanka wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka. Bayan UTME kuma akwai tantancewar da jami'a ke yi da kanta, wadda aka soma a 2005, ga kuma sharaɗin kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO.

ABIN DA AKA YI A 1977

Jihar Kano ba baƙuwa ba ce ga wannan matsala, kuma ta taɓa samo mata magani wanda har yau ake misali da shi. Bayan an ƙirƙiro jihar a 1967 sai aka tarar ba ta da 'yan ƙasa likitoci da injiniyoyi sai ƙalilan, asibitocinta da ma'aikatunta na fasaha suna dogara da baƙi daga ƙasashen waje da wasu jihohi. Ga Jami'ar Ahmadu Bello kusa, tana da guraben kimiyya, amma makarantun sakandaren jihar ba sa fitar da isassun yaran da za su cika sharuɗɗan shiga. Don haka a 1977, zamanin mulkin Kanar Sani Bello, aka kafa hukuma ta musamman domin makarantun sakandaren kimiyya, aka kuwa mai da makarantu biyu na wannan aiki, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa. Dokta Ibrahim Ayagi da Alhaji Ado Gwaram suna cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka har abin ya tabbata. A 1981 aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda ta koma Jihar Jigawa da aka raba jihar a 1991.

Dabarar ba mai wuyar fahimta ba ce. Ana zaɓo yara masu hazaƙa daga sauran makarantu ta hanyar jarrabawa, a tara su a makarantar kwana, a ba su shekara 3 suna karatun Fiziks da Kemistiri da Bayoloji da Lissafi da Turanci, da ɗakunan gwaje-gwaje masu kaya a ciki, da malaman da aka ɗauko musamman, har daga ƙasashen waje. An kuma fitar da makarantun daga ƙarƙashin Ma'aikatar Ilmi kai tsaye, domin kada sayen ɗan abin gwaji ya jira fayil ya zaga ofis bakwai. Ba a yi abin cikin ruwan sanyi ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya yi digirinsa na uku a kan waɗannan makarantu a Jami'ar Sussex ta Ingila, ya bayyana yadda wasu jami'an ilmi suka soki shirin da cewa fifita 'yan tsiraru ne, wasu shugabannin makarantu kuma ba su so a kwashe musu yaransu mafi ƙwazo ba. Duk da haka, yau in ka shiga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko tsangayoyin kimiyya na jami'o'in Arewa, da wuya ka fita ba ka haɗu da tsohon ɗalibin Dawakin Tofa ko Dawakin Kudu ba, kuma da yawansu 'ya'yan manoma ne.

Darasin da ke cikin wannan tarihi, a ganina, shi ne lokaci. Mutanen 1977 ba su jira yaro ya kai bakin ƙofar jami'a sa'an nan su ce za su taimake shi ba. Sun kama shi shekara uku kafin nan. Irin taimakon da ya fi yawa a zamaninmu kuwa na ƙarshen zango ne. Gwamnatin jiha takan sayi dubban fom na JAMB ta raba, 'yan majalisa da shugabannin ƙananan hukumomi su ma su raba nasu a ɗauki hoto, wani lokaci a haɗa da darasin mako biyu. Babu mai cewa wannan ba alheri ba ne, gama kuɗin rajistar UTME a 2025 ya kai Naira 7,200, ko 8,700 ga mai son jarrabawar gwaji, kuma ga magidancin da ke auna hatsin gidansa da tiya wannan kuɗi ne. Sai dai fom izinin shiga ɗakin jarrabawa ne kurum. Yaron da bai taɓa samun malamin Fiziks ba tun daga aji huɗu, ko an ba shi fom goma, sakamakon ɗaya ne. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

INDA ƊAN ƘAUYE KE FAƊUWA

Bari mu ɗauki misalin yaro a wata makarantar jeka-ka-dawo a ƙasar Kunchi ko Shanono, mu bi shi mataki mataki. Abu na farko da ke kayar da shi Turanci ne. A gida Hausa yake ji, a kasuwa Hausa, a makarantar allo Hausa da Larabci, a aji ma sau da yawa malami yakan karanta da Turanci ya yi bayani da Hausa, domin in bai yi haka ba babu mai fahimta. Ba laifin yaron ba ne, ba kuma laifin Hausa ba ne. Amma jarrabawar da ke gabansa kashi ɗaya cikin uku na tambayoyinta Turanci ne zalla, sauran kashi biyun ma da Turanci aka rubuta su. Wanda ke da awa 2 ga tambaya 180 yana da daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Yaron da sai ya juya tambaya zuwa Hausa a ransa kafin ya gane ta, lokaci zai ƙare masa ko da ya san amsar. Maganin wannan shi ne yawan karatu, karatu kuwa sai da littafi. Kowace shekara JAMB takan sa littafin ƙagaggen labari guda wanda ake yin tambayoyi a kansa, a 2025 shi ne The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba, amma littafi ɗaya da aka karɓa wata biyu kafin jarrabawa ba zai koya wa mutum saurin karatu ba.

Na biyu shi ne malamai. Kowa a Ma'aikatar Ilmi ya san yadda ake yi: a tura malamin Kemistiri ƙauye, ya yi wata uku yana zirga-zirga daga birni, sa'an nan ya nemi wani babba ya sa baki a dawo da shi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya sa wannan zirga-zirga ta ƙara tsanani, har malami mai kishin aikinsa ma sai ya yi lissafi kafin ya fita. Sakamakon shi ne makarantun cikin birni suna da malamin darasi ɗaya har biyu ko uku, na karkara kuwa mutum ɗaya ke riƙe da Lissafi da Fiziks, wani lokaci har da aikin mataimakin shugaba. A watan Yuni na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi, an kuma ɗauki malamai, an gyara azuzuwa. Ma'aunin da ya kamata a auna wannan yunƙuri da shi a karkara shi ne malaman kimiyya nawa ne ke kwana a garin da aka tura su.

Sai kuma ita kwamfutar. Akwai yaran da ranar jarrabawa ce ranarsu ta farko ta zama gaban wannan na'ura. Ita JAMB ta sauƙaƙa abin yadda ta iya, ta tsara shi yadda ɗalibi zai iya gamawa da madannai 8 kawai ba sai ya taɓa linzami ba: A da B da C da D domin zaɓen amsa, N domin tambaya ta gaba, P domin komawa baya, da sauran biyun na miƙa aiki ko fasa miƙawa. Abin da za a koya cikin yini ɗaya ne. Amma wanda ba a nuna masa ba, hannunsa na rawa zai ɓatar da minti goma na farko, wani ma ya miƙa aikinsa bai gama ba. Cibiyoyin jarrabawar kuma mafi yawansu a birni da manyan garuruwa suke, kuma ana iya sa yaro zaman sassafe, watau dole ya kwana a wani wuri. Namiji ya raɓa a masallaci ko wurin ɗan garinsu. 'Ya mace fa? Uba da yawa a nan yake cewa a bari, kuma ba don ƙin karatu ba. Tun da Gwamnatin Tarayya ta bayyana a 2025 cewa tana nufin mai da WAEC da NECO su ma na kwamfuta, wannan gibi zai daɗa faɗi ne idan ba a yi wani abu ba.

Akwai wani abu kuma da masu tsara jadawali a Abuja ba su cika tunawa da shi ba, shi ne kalandar manomi. Rajistar JAMB tana faɗowa ne cikin rani, lokacin da samari da yawa ke tafiya ci-rani ko suna aikin lambu a bakin madatsar Watari ta Bagwai ko ta Tomas, suna neman kuɗin da za su yi rajistar da shi. Jarrabawar NECO kuwa ta Yuni da Yuli ce, daidai da shuka da noman farko, sa'ad da gida ke bukatar kowane hannu. Yaron makarantar kwana ya tsira daga wannan. Na jeka-ka-dawo sai ya je gona da asuba, ya wanke ƙafa ya tafi ɗakin jarrabawa.

Amma abin da ya fi ba ni takaici shi ne yaran da suka ci jarrabawa suka kuma rasa gurbi saboda rashin mai faɗa musu ƙa'ida. Tun daga 2021 ba a rajista sai da lambar ɗan ƙasa ta NIN, kuma in sunan da ke jikinta ko ranar haihuwa suka saɓa da na takardar makaranta, gyaran yakan ci watanni. Layin wayar da aka yi rajista da shi dole a riƙe shi, ga shi kuwa yaro da yawa da layin wansa ko na mai shagon kwamfuta ya yi. Kowane fanni yana da haɗin darussansa: mai son likitanci sai Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, mai son injiniya sai Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Wanda ya kuskure haɗin, ko ya ci 280 ba za a dube shi ba. Daga 2017 kuma duk ɗaukar ɗalibai ta koma kan tsarin intanet da ake kira CAPS, inda dole ɗalibi ya ɗora sakamakonsa na sakandare, in an ba shi gurbi kuma ya shiga ya karɓa cikin wa'adi, in ba haka ba a ba wani. Ɗan ma'aikacin gwamnati a Kano yana da uba ko yaya ko maƙwabci da ya san duk wannan. Ɗan manomi a Makoɗa mai shagon kwamfuta ne mashawarcinsa, shi kuwa kuɗin bugawa yake nema, ba makomar yaro ba.

KASON JIHA BA KASON ƘAUYE BA NE

Sau da yawa akan ce ai an riga an yi wa 'yan Arewa gata. Gaskiya ne ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ta ware kashi 45 cikin 100 ga cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, kashi 20 kuma ga jihohin da aka ce suna baya a ilmin zamani, kuma Kano tana cikinsu. To, amma wannan rabo jiha yake dubawa. Yaron da ya tashi a Nasarawa cikin birni, ya yi makarantar kuɗi, yana da malamin da ke zuwa gida, in takardarsa ta asali ta ce shi ɗan Tsanyawa ne, a layi ɗaya yake da wanda bai taɓa barin Tsanyawa ba. Ba sai an faɗi wanda zai ci ba. Haka nan da aka ba da labari a 2025 cewa Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka sami kiredit 5 a NECO, mutum sama da 68,000, an yi murna kuma ta dace, amma adadin yawa ne na jiha mai ɗimbin ɗalibai, bai raba mana na birni da na karkara ba. Hukumar kula da manyan makarantun sakandare tana da sakamakon kowace makaranta, ya kamata ta riƙa bayyana shi ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, domin jama'ar kowane yanki su san inda suke.

Ko shiga Dawakin Tofa ma yanzu gasa ce wadda ɗan birni ya fi shiri a kanta, domin jarrabawar zaɓen ana yin ta ne a ƙarshen ƙaramar sakandare, kuma iyaye masu hali suna shirya 'ya'yansu dominta tun da wuri. Saboda haka sukar da aka yi a 1977 ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Makaranta guda mai kyau a tsakiyar ɗaruruwan marasa malami ba za ta wadatar ba, kuma in ba a kula ba sai ta zama tana zaune a karkara amma 'ya'yan karkara na kallonta daga bayan katanga. Wannan ba hujja ba ce ta rushe tsarin. Hujja ce ta a tabbatar kowace ƙaramar sakandare ta ƙauye ta san ranar jarrabawar, ta shirya yaranta, kuma kason kowace ƙaramar hukuma ya tafi ga waɗanda suka yi karatu a cikinta.

Abin da za a iya yi ba tare da jiran sabon kasafi ba yana da dama. Yankin nan yana da Kwalejin Ilmi ta Fasaha ta Tarayya a Bichi da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta, ga ita kanta makarantar Dawakin Tofa. Waɗannan wurare suna da ɗakunan gwaji da kwamfutoci da malamai, kuma lokacin hutu a rufe suke. Babu abin da zai hana a riƙa tara 'yan aji biyar na makarantun kewaye a can na mako huɗu ko shida bayan an gama kaka, sa'ad da aikin gona ya lafa, ƙaramar hukuma ta ɗauki abinci, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai su kawo malamai, 'yan mata a ware musu masauki da mata masu kula da su. Masu yi wa ƙasa hidima da suka karanta kimiyya a daina cusa su a ofisoshin sakatariya, a kai su aji, a ba su ɗaki. Kowace makaranta kuma a naɗa malami ɗaya, a horar da shi kan ƙa'idojin JAMB, ya riƙe littafi mai sunan kowane ɗalibi da lambar NIN ɗinsa da layin wayarsa da fannin da ya zaɓa, ya kuma bi su har bayan sun bar makaranta, domin gurbi yakan fito ne watanni bayan an yi bikin yaye su.

Shi wannan malami shi ne kuma zai faɗa wa yaro gaskiya. Ba kowa zai zama likita ba, kuma yaron da ya ci 210 ya nace sai likitanci a Bayero zai iya ɓata shekara uku yana maimaitawa, alhali da ya nemi aikin gona ko koyar da kimiyya ko wani fanni a Jami'ar Aliko Ɗangote ta Wudil da tuni ya yi nisa. Akwai kuma hanyar share fage wadda Arewa ta daɗe da sani: jarrabawar IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa, wadda ke ba mutum damar shiga aji biyu kai tsaye, ana kuma yin karatunta a kwalejin CAS ta Kano da makarantar share fage ta Funtuwa. Likitoci da lauyoyi da yawa na Arewa ta irin wannan ƙofa suka bi. Karatun yana ɗaukar kimanin shekara guda, yana kuma bukatar kuɗin makaranta da na masauki, kuma a nan ne tallafin ƙaramar hukuma ko na ɗan majalisa zai fi yin amfani bisa ga fom ɗin da ake rabawa kowane rani.